Likkafanin Baba Da Na Bari A Madina

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku tela, kuma har yanzu in na bi ta gefen katangar maƙabartar Baƙi'a sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri. Abokan hirarsa kusan duk suna ciki. Shi kuwa yana kwance a birnin Munich na ƙasar Jamus, ni ne kuma na kai shi.

Baba da ƙafa ya baro ƙasar Kano, ya bi ta Sudan yana ɗinki yana ƙara gaba, har ya iso Madina, ya auri Inna, aka haife mu. Burinsa ɗaya ne, bai kuma taɓa ɓoye shi ba: ya mutu a garin Manzon Allah, a binne shi a Baƙi'a. Ko Badar aka gayyace shi ɗaurin aure, a ranar yake juyowa. Tsofaffinmu na nan haka suke, suna tsoron ajali ya riske su a wajen gari. Yana da wani ƙunshi, farin yadi da ya kai Makka ya jiƙa da ruwan Zamzam, ya shanya, ya naɗe da hannunsa. Likkafaninsa ke nan. In tafiya ta zama dole, da shi yake fita.

Lagonsa ɗaya ne, keken ɗinkinsa ɗan Jamus. Shekara talatin yana taka shi bai taɓa ba shi kunya ba. Yakan shafa shi ya ce mutanen da suka ƙera wannan sun cancanci a je a gaishe su. Ni kuma kanikancin motocin alhazai nake yi, an taɓa tura ni Munich koyon aiki, na dawo bakina ba ya rufuwa da labarin garin. Ta nan na kama shi. Wata uku ina lallashi, har zafi ya shigo, irin zafin Madina da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Na ce kwana bakwai ne kacal, mu sha iska mu dawo.

"To, halas, shi ke nan, na ji," in ji shi. "Amma ƙunshina yana cikin akwati, ko ba inda za ni."

Ranar tafiya ni na shirya kayan. Inna da ƙannena mata sun jibga mana saƙon tsaraba, wannan bargo, waccan takalmi, wata tukunya. A lokacin ina jin kaina wayayye. Kunya nake ji a buɗe akwatinmu a filin jirgi Bature ya ga likkafani, ga shi yadin mai nauyi ne. Sai na kwance ƙyallen da aka ƙunshe shi a ciki, na zare yadin, na ninke jakar da za mu zubo tsaraba na sa a madadinsa, na ɗaure kamar yadda yake. Yadin na ɗora shi saman kabad a gidana na unguwar Aziziyya. Har dariya na yi a raina, na ce yawon buɗe ido za mu, ba jana'iza ba.

Ba zan yi wa garin ƙarya ba, Baba ya ji daɗinsa. Ya tsaya a dandali da babbar rigarsa yana kallon wani ƙaton agogo da mutum-mutumi ke fitowa suna zagaye, ya ce waɗannan mutane sun gama aiki har sun koma wasa. Ya ci wani murɗaɗɗen burodi mai gishiri ya ce ba laifi, amma da za su samu mai toya musu ƙosai da sun huta. Nama kuwa bai yarda da shi ba sai a shagon wani Baturke, sauran kwanaki kifi da dankali. A babban kanti ya manta da tsarabar mutane, ya tsaya yana juya kwat yana bin ɗinkin da yatsa, ya sayi almakashi da allurai. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne rana da ta ƙi faɗuwa, ya yi alwalar magariba ya zauna yana jira har ya fara yi mata faɗa. Kowace safiya kuma sai ya buɗe akwati ya dafa ƙunshin nan, ya rufe. Ina kallonsa.

Rana ta biyar, bayan azahar, muna zaune a wani lambu bakin rafi, ya dafe ƙirji ya ce numfashinsa na sarƙewa. A asibiti ya riƙe hannuna, bai yi min ƙorafi ko ɗaya ba.

"Haruna, ya waladi, ɗana, Baƙi'a dai ba rabo. Amma ƙunshin yana nan ko?"

"Yana nan, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ka ga amfanin jin maganar tsoho."

Kafin la'asar ya cika.

Kwana huɗu ina zirga-zirga kan takardun ɗauko gawa, suka ƙi haɗuwa. Limamin Turkawan da suka taimake ni ya ce gawa ba ta jira, na yarda. Na koma kantin da Baba ya sayi almakashi, na tsaya ina nuna farin zanen gado da hannu, matar da ke sayarwa tana tambayata ko a naɗe min da takarda mai ado. Da wannan aka yi masa sutura. Aka sa shi a akwatin katako, don dokar ƙasar ta ce sai da shi, aka binne shi a ɓangaren Musulmi, ƙarƙashin itatuwan da ban san sunansu ba. Mu shida muka yi masa salla.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga Madinar yau. Lungun da shagonsa yake an rushe shi, an faɗaɗa wa masallata wuri, kuma na san wannan zai faranta masa. Jikokinsa in ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, wannan kam da ya sha faɗa. Da zafi ya shigo unguwa takan yi shiru, kowa ya tafi hutu wata ƙasa, ba mai ɗaukar likkafani. 'Ya'yana suna ta roƙon in kai su Jamus, ina ta kawo musu uzuri. Malamai sun sha gaya min ƙasa duk ta Allah ce, aikin mutum ne ke binsa ba yadi ba. Na san gaskiya ne. Amma sanin bai taɓa cire min abin da ke ƙirjina ba, domin amana ya ba ni, na ci, sannan na yi masa ƙarya a maganarmu ta ƙarshe.

Abin da ya rage mana nasa ba shi da yawa. Akwai telolin da ya koyar a unguwar Jurf, har yau ba sa miƙa riga sai sun juya ta sun duba ciki. Akwai raharsa da ke fitowa a bakin ƙanwata ba ta sani ba. Sai kuma Inna, wadda ta tsufa, idonta ya yi rauni, take zaune a gidana, ɗaki ɗaya tsakaninta da kabad ɗin nan. Masu karatu, wanda Allah ya kawo shi ziyara cikinku, don girman Allah kada ya kai mata wannan labari. Na rubuta ne don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Jiya da safe na kai mata shayi, ta tuna min cewa watan rasuwarsa ne. Sannan ta ce abin da take faɗa kowace shekara.

"Ni abin da ke kwantar min da hankali, Haruna, ko bai samu ƙasar Madina ba, ai da Zamzam a jikinsa ya tafi. Allah ya yi maka albarka da ka kula masa da shi."

Na ce, "Amin, Inna," na miƙa mata kofin.