Yadda Na Kusa Rusa Auren Ƙanena da Iska

Ko zan manta hanyar gidanmu a Gumel, ba zan manta ranar da muka je Sule Tankarkar nema wa ƙanena aure ba. Baffanmu ne ya kamata ya yi magana, amma mura ta shaƙe masa murya, sai aka ce ni in yi, tunda bakina ba ya hutu. Na zuba babbar rigar da za ta ishi mutum uku, muka kama hanya.

Waliyyin yarinyar dattijon malami ne mai magana a hankali. Bayan an gaisa an kawo fura, ya ce, "To, yaron mece ce sana'arsa?"

Aikin ƙanena sama-sama na san shi, amma ni a wancan zamanin ba a tambayata in ce ban sani ba. Na gyara hula na ce, "Allah gafarta malam, harkar iska yake yi. Tun yana jami'a ya shige ta."

Baffa ya taka mini ƙafa, na ɗauka cewa yake in ƙara.

"Ai gwani ne," na ce. "Ya san lokacin da suke tasowa da inda suke bi. Kuma a kan kuskure ake biyansa."

Malam ya janye ƙwaryar furar daga gabana. "Mu ba ma haɗa zuri'a da 'yan bori. Ku gaida gida."

Nan gumi ya jiƙa rigar mutum ukun nan kaf. Baffa ya matso da 'yar muryarsa kamar ta sauro ya ce, "Kira shi, sakarai."

Na kira ƙanena, na ƙure sautin waya, na ce ya faɗa wa malam aikinsa. Ƙanena ya gaida malam, ya ce, "Manyan fankoki ne da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki. Masu hasashe kan ce gobe za ta kaɗa da ƙarfi, sai ta ƙi. Ni nake tara kurakuran in lissafa yadda hasashen ya saba kaucewa, don masu rarraba wuta su san injin nawa za su ajiye a gefe, kada gari ya faɗa duhu."

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Ashe yaron mai hankali ne. Na ba shi." Sai ya nuna ni. "Wannan kuwa, ranar ɗaurin aure a ba shi gadin takalma."

Na yi gadin kuwa, ko silifa ɗaya bai ɓata ba. Tun daga ranar na daina yabon abin da ban fahimta ba. Yau ko ɗan cikina aka tambaye ni aikinsa, lambarsa nake miƙawa, ya faɗa da bakinsa.