Na Zaci So Ne, Ashe Laka Ce

Salamu alaikum 'yan uwana masu karatu. Ni ce Rabi ta Agege, wadda ta ɓace muku tun kafin azumi. Ba aure na yi ba, ba kuma ƙwace min waya aka yi ba. Jinya na yi. Kun san ni da nauyin baki, don haka ku bar ni in rubuta.

Abin ya fara ne ranar da mai gyaran janareta ya zo gidanmu. Dogo ne, mai gashin gira. Ya dube ni ya ce, "Oga yana ciki?"

Iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan.

Ina juyawa na ji tafin ƙafata yana zir-zir kamar tururuwa na yawo. Da la'asar wani abu ya ɗaure min ƙirji kamar an zarga min ɗamara. Washegari na miƙe, gwiwoyina suka lanƙwashe.

To ni da na karanta littattafan soyayya sun fi buhu, me kuke so in ce? A cikinsu duka, da jarumi ya yi magana sai ƙafafun yarinya su kasa ɗaukarta, ƙirjinta ya yi nauyi. Wallahi murmushi na yi. Na ce yau dai layi ya zo kaina.

Sai fitsari ya ƙi fita.

Nan na fara shakka, don ban taɓa karanta jarumar da so ya hana ta fitsari ba. Marata ta kumbura, kunya kuma ta hana ni faɗa. Mama ce ta tarar da ni zaune a ƙasan banɗaki ina kuka, na kasa tashi.

"Rabi, tun yaushe?"

"Tun jiya."

"Kika yi shiru? Bakin naki na ado ne?"

A bayanta Mama ta goya ni har bakin titi, ni da na fi ta tsawo.

A babban asibiti aka sa min robar fitsari. Likita ta ɗauki tsinke tana tsira min daga yatsun ƙafa zuwa sama, tana tambaya ko na ji. Ina kallon tsinken yana shiga fatata, amma kamar ƙafar maƙwabciya ake tsira. Sai da ta zo ƙasan ƙirjina na yi ƙara. Ta ja layi da biro a wurin. A nan tsoro na gaske ya kama ni, na ga an raba jikina gida biyu.

Suka tura ni cikin injin hoto mai ƙara kamar ana fasa kwalta, suka kuma ɗebi ruwa a bayana. Kuɗin hoton nan sai da Baba ya sayar da ragon da yake kiwo don Sallah.

Sunan ciwon transverse myelitis. Likita ta ce laka, wato igiyar da ke cikin ƙashin baya, ita ce ta kumbura a wuri ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa ƙafa, da saƙon ya iso wurin sai ya maƙale, kamar motar haya ta danfo a cunkoson Oshodi. Na tambaye ta da Turanci ko zan sake tafiya.

Ta ce, "Wasu suna tashi sarai, wasu da saura, wasu ba sa tashi. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma za mu fara allura yau."

Kakata Hajiya Iya, Bakanuwa ce ta asali, ta ce a fassara mata. Ni kuwa haihuwar Legas, Hausata da jan wasali irin na Yarbawa, na ce, "Iya, wai laaka ce a bayana."

"Laka? Ke tulu ce ko tukunya?"

"Ba ta gini ba, Iya, ta ƙashin baya."

"To ki ce laka mana, ki daina ja kamar mai kiran awaki! Ku 'yan Agege ko ciwonku ba ku iya faɗa ba."

Mama tana hawaye tana dariya. Ita ce dariyar farko tun da aka kwantar da ni.

Allurar jijiya ta sa fuskata ta yi kamar alkubus. Makonni suka wuce, ƙafa shiru. Ana juya ni kamar masa don kada bayana ya yi gyambo. Ina kallon silin ina tunanin ko a keken guragu zan gama makaranta.

Mai yi min gashin ƙashi wata Bayarbiya ce, Mama Tope, murya kamar kwandasta.

"Oya Rabi, motsa babban yatsa!"

"Ya ƙi, ma."

"Ki yi masa tsawa! Yatsanki ne, ba sirikinki ba!"

Wata safiya ya motsa. Ɗan kaɗan, kamar yana jin kunyata. Mama Tope ta yi guɗa har masu jinyar ɗakin maza suka leƙo.

Daga nan sai zama, sai tsayuwa da ƙarfen dogarawa, sai sanda. Yanzu ina tafiya, amma ƙafar hagu tana ɗan ja, kuma ba ta bambanta ruwan zafi da na sanyi, sai na gwada da hannu. Fitsari ma ba ya jira, kafin in hau danfo sai na yi dogon nazari.

Shawarata: in ƙafa ta mutu, ko fitsari ya tsaya, ko kika ji an ɗaure miki ƙirji, ki faɗa a ranar, a tafi asibiti. Likita ta ce saurin fara magani yana taimakawa. In an ba ki ranar gashi, kada ki tsallake.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Baba, da Iya, da Mama Tope, da duk wanda ya yi min addu'a, da alheri.

Tun da na dawo gida Mama take lallaɓa ni kamar ƙwai, ko cokali ba na ɗauka. Jiya tana tsakiyar girki ta manta, ta ɗaga murya:

"Rabi! Kina zaune kamar sarauniya, tashi ki kai min markaɗe!"

Sai ta tuna, ta rufe baki da hannu.

Kafin ta janye maganar na ɗauki bokitin tattasai na fice. Na je, na bi layi, na dawo da ƙafata.

Ta ce markaɗen bai yi laushi ba.