Jaji da Ihun Tsallaken Titi

Jaji ɗan goggona ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka duk abin da na rubuta a kansa a nan babu kotun da zai kai ni, ko da yake ya girme ni. Ban yi nisa a boko ba, a aji uku na ƙaramar sakandare na ajiye biro, amma abin da idona ya gani ina iya jera shi.

A wata ruga gabas da Aujara aka haife shi. Goggo ta ce da ya faɗo duniya bai yi kuka ba sai da ya gama kallon ungozoma ta gefen ido. Tun daga ranar bai sake yarda da kowa ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. In ya sayi kankana, sai mai ita ya fara cin yanka guda a gabansa. Likita ya taɓa auna shi ya ce lafiyarsa ƙalau, ya fito yana cewa lallai akwai abin da ake ɓoye masa.

A kiwo abu ɗaya ya ƙware, bin sawu. In an kore saniya, sai ya durƙusa ya dubi ƙasa ya ce maka wanda ya kore ta yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma bai karya kumallo ba. Da burtali ya koma gona, shanun suka yi ta raguwa, sai ya shigo Dutse. Ya yi gadi, ya yi dillancin awaki, daga baya ya kafa gidan kallon ƙwallo a bayan tasha: rufin kwano, bencina, talabijin babba, da wani janareta mai tari kamar tsohon da ya sha taba tun zamanin Turawa. Abin dariyar shi ne Jaji bai yarda akwai wasan gaskiya a duniya ba. In an ci, an sayi gola. In ba a ci ba, an sayi ɗan gaba. A haka yake tara mutane su kalla.

Mutum ɗaya ne ya tsallake wannan zargi, Aaron, wanda Jaji ke kira Haruna. Ɗan Filato ne, ma'aikacin wuta a sakatariya, in ya tashi aiki sai ya zaga gari yana ɗaura wa mutane dish na kama tashoshin talabijin. Ranar da suka fara haɗuwa Jaji ya ce a canja masa dikoda, Aaron ya duba ya ce wannan ɗin ba abin da ya same ta, waya ce ta saki. Jaji ya shekara yana neman inda cutar take bai samu ba, da ya gaji sai suka zama abokai. Shi kaɗai ne Jaji ke zama da shi a yi hira ba tare da ya juya bayansa ga bango ba. Mu danginsa mun sani, in ya rasa Aaron ba shi da kowa a garin nan sai ni, ni kuma ba abin dogaro ba ne.

Sai aka fara gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda 'yan wasan gida ke bugawa. Manyan tashoshin da ake kallon wasan Turai a cikinsu ko labarinta ba sa yi. Aaron ya yi ta juya dish a rana har ya kamo wata tashar waje da ke nunawa, da Faransanci. Hoton kamar an ɗauka da wayar da ta faɗa miya, mai sharhin kuma ba mu san ko yabo yake ko zagi ba. Amma wasa ya yi wasa. Wata 'yar ƙasa da ba ta kai Jahun da Ringim a haɗe ba ta riƙe mu kunnen doki, wata kuma da ko sunanta ba ma iya faɗa ta kori manya. Ba wanda ya san wa zai ci, gari ya ɗauka, benci ya cika. Jaji ya ce an sayar ne, ya ƙara benci.

Matsalar daga tsallaken titi ta zo. Can akwai gidan kallon Zailani, wanda dā ɗan kallon Jaji ne kafin ya buɗe nasa. Jaji ya ce duk zaman da ya yi awon benci yake da ido, kuma ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gidan ba. To a gasar nan, muna zaune muna kallo, ƙwallo tana tsakiyar fili, sai mu ji tsallaken titi ya fashe da ihu. Mu dubi juna. Can sai ɗan wasanmu ya ɗauko ta, ya yanke ɗaya, ya buga, ta shiga. Mu tashi za mu yi murna, sai mu ji kunya, kamar wanda ya zo ɗaurin aure bayan an shafa fatiha. Wa zai zauna a ba shi sauran wasa? Mutane suka fara sulalewa, wannan ya ce fitsari, wancan ya ce waya, duk fitsarin a tsallaken titi ake yin sa.

Jaji ya kira ni gefe. "Kai, wa ya ɗaura wa Zailani dish?"

"Haruna mana. Duk unguwar nan wa yake ɗaurawa?"

"To. Ya ba shi na gaba, ya ba ni na baya."

"Ɗan Goggo, hoto ba layin awo ba ne."

"Kai dai ka yi shiru, karatun naka ma a hanya ya tsaya."

Bai tambayi Aaron ba. Abin da ya iya shi ya yi. Da sassafe, kafin Zailani ya buɗe, ya ɗebo yashi mai laushi a buhu, ya tsaya daga bakin kwata don kada rantsuwarsa ta karye, ya watsa a ƙofar gidan, ya miƙa reshen darbejiya ya share shi sumul. Da yamma ya koma ya durƙusa. Mutum fiye da garin Ringim ya taka wurin, amma a cikin wannan turmutsitsin Jaji ya nuna min wani sawu da tsinke. Takalmin ma'aikata ne, dunduniyar dama ta cinye ta waje. Ya shiga, ya fito. Na so in musa, sai dai ni ma na san takalmin.

Washegari Aaron ya iso bayan la'asar da jakar kayan aikinsa, yana murmushi.

"Malam Jaji, na gano abin nan."

"Ni ma na gano," in ji Jaji. "Jiya ina ka je?"

"Wurin Zailani. Shi ne nake son in gaya maka. Na je in ga me ya sa suke riga ku. Hotonsu da naka ɗaya ne. Sun kashe muryar talabijin ne, sun kunna rediyo, akwai tashar da ke sharhi da Hausa. Rediyo kuwa yana riga hoto isowa."

"Rediyo."

"Rediyo. Je ka gani."

"Ka san ba na shiga, shi ya sa ka ce in je." Jaji ya gyara hula. "Haruna, ko ni ne na yi abin, rediyo zan ce. Me ya ba ka?"

Murmushin Aaron ya tafi. Ya dubi Jaji, ya dube ni, kamar yana jiran in ce wasa ne.

"Me ya ba ni," ya maimaita a hankali.

"Daga yau kada ka sake taɓa min dish."

Aaron ya rataya jakarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya tari keke napep ya tafi. Na ce wa Jaji wallahi maganar rediyon nan kowa ya san ta, 'yan kallonsa ma za su gaya masa. Ya ce ai duk an haɗa baki, kuma zai so ya san tun yaushe ni ma na shiga ciki.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, mu da maƙwabtanmu, 'yan amana kaɗan ne suka rage a bencin Jaji. Aka tafi hutu ba ci. Sai ga shi ya fito da tsani da sufana.

"Riƙe min."

"Ina za ka?"

"Na auna na Zailani da ido. Nasa ya fi nawa kallon gabas da kamar faɗin tafi."

Na riƙe, don ban taɓa ƙin abin da zai ba ni labari ba. Ya hau kwanon da rana ta gasa tun safe, yana ɗaga ƙafa kamar zakara a kan tanda. Ya kwance ƙusa ɗaya. Dish ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa. Daga ciki aka ce hoto ya ɗauke. Ya ɗaga, ya karkata, ya mayar, ya kira sunan Allah, talabijin dai shuɗi. Aka dawo daga hutu. 'Yan amanar suka fito a jere, ba wanda ya ma tsaya yin ƙaryar fitsari.

Daga kan rufin ana hango tsakar gidan Zailani ta saman katanga, talabijin ɗinsa a ƙarƙashin rumfa. Jaji kuwa yana da idon da zai gane saniyarsa daga Aujara tana kasuwar Maigatari. Ihu ya tashi daga gidan Zailani, an kusa cin mu. Na ga ya tsaya cak da sufana a hannu. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauko.

"Suna tsalle," ya ce, "ɗan wasan bai ma ajiye ƙwallon kwana ba a talabijin ɗinsu. Ga rediyo a kan jarka, wani ya riƙe masa eriya."

"Ƙila shi ma rediyon an haɗa baki da shi."

Bai ko harare ni ba. Nan na gane abin ya kai inda ya kai. Ya rufe gidan kallo, muka tari keke.

A ƙofar gidan Aaron muka tarar da matarsa Jemimah tana tsince acca a faifai. Labarin yashi ya riga mu zuwa, Dutse ba ta da girma.

"Malam Jaji, sannu da zuwa. Takalma ka zo dubawa? Ga su nan a jere, har da na Patricia, sai dai nata na makaranta ne."

"Maman Patricia, a yi haƙuri. Yana ciki?"

"Yana ciki. Ka cire naka, kada a rasa gane sawu."

Aaron na zaune a falo yana kallon wasan a 'yar talabijin ɗinsa. Bai tashi ba. Ya nuna mana kujera da haɓa.

"Haruna, hoto ya ɗauke."

"Wa ya taɓa?"

Na ce, "Iska ce, Oga. Wata iska mai hula da sufana."

"Sai an tashi," in ji Aaron, idonsa a kan wasa.

Jaji ya zauna a bakin kujera. Ya san duk bugun da ake yi mutanensa suna can suna sabawa da bencin Zailani, amma ba wannan ne ya hana shi sakat ba, don ko ƙofa bai kalla ba, Aaron yake kallo.

"Na ga rediyon," ya ce.

"Da idonka?"

"Da idona."

"To ai shi ke nan, tunda idonka ya faɗa. Bakina ne dai ba a karɓa." Aaron ya rage murya. "Tun Patricia tana goye nake hawa rufinka, Malam Jaji. Ruwa ya dake ni a kai, wuta ta ja ni a kai. In za ka zarge ni, ka zo ka tambaye ni kamar mutum. Sai ka zuba min yashi kamar ɓarawon shanu?"

Jaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na zaci zai ce ai yashin ma wani ne ya sa shi. Sai na ji ya ce, "Na yi kuskure, Haruna. Ka yafe ni." Da na gaya wa Goggo a waya daga baya, cewa ta yi a kai shi asibiti.

Aaron ya mayar da idonsa kan wasa. Aka tashi ba ci, aka ƙara lokaci, aka je bugun fanareti. Jemimah ta kawo kunu ta ajiye, ba wanda ya taɓa. Golan maƙwabtanmu, wani siriri kamar karan dawa, ya tare biyu, aka fitar da mu. Na jira Jaji ya ce an sayar. Ya buɗe baki, ya dubi Aaron, ya rufe.

Aaron ya kashe talabijin. Ya shiga ɗaki ya fito da jakar kayan aiki, ya tsaya a kan Jaji, ya miƙa masa.

"Riƙe. Kai za ka ɗauka."

Kafin magariba Aaron yana kan rufin Jaji yana juya dish, Jaji a ciki gaban talabijin da bencina babu kowa.

"Hoto ya zo?" in ji Aaron daga sama.

"Bai zo ba."

"Yanzu fa?"

"Ya zo. Tsaya a nan, Haruna, ya zo."

Da ya sauko, Jaji ya kwantar da tsanin a jikin bango, ya zagaya shi da sarƙar janareta, ya danna kwaɗo. Ya zare makullin ya sa a aljihun rigar Aaron.

"Wannan fa?" in ji Aaron.

"Ka tafi da shi gida. Mutumin da ya hau rufin nan ɗazu, ban yarda da shi ba."