Talhona a Aljihun Baba

A shekarata ta farko a jami'a, gurup ɗin ajinmu na talho, wato waya, ya fi kasuwar dabbobi hayaniya. An buɗe shi ne don tura darasi, amma kafin ka ga darasi ɗaya sai ka tsallake gaisuwar Juma'a, hotunan ɗinki da gardamar ƙwallo. Ni kuwa, in aka yi shiru, ni ke tayar da zance. Da sakamako ya fito, na faɗi darussa uku. Saura ratarafaj, jarrabawar gyara. In na sake faɗuwa, shekarar ta tafi a banza.

Babana tela ne. Bai iya karanta Faransanci ba, amma fuskata yana karanta ta sarai. Hannu kawai ya miƙo.

"Kawo talhon."

"Baba, darussan duk suna ciki!"

"To, ni zan riƙe miki su."

Ya jefa shi aljihu ya tafi shago. Na yi kuka har na ba uku lada.

Ashe maƙwabcinsa mai sayar da yadi ya nuna masa inda ake dannawa. Rubutu dai ya fi ƙarfinsa, amma wokal, wato saƙon murya, ba ya barin ko ɗaya. Keken ɗinki na tafiya, talho na zuba. Bayan magariba sai ya kawo mini rahoto: "Delege, shugaban ajin naku, ya ce an mayar da jarrabawa Talata. A duba babi na huɗu. Sauran duk shirme ne." Can kuma sai ya gyara murya: "Wai yarinyar nan ta Cirozerin, ta shirya da ƙawarta kuwa?"

Darasin da aka turo a hoto, a shago nake kwafe shi da hannu, shi yana riƙe da talhon. Haushi nake ji, amma abin yana zama a kaina. Wata rana ma shi ya tura wokal, ya gaida kowa, ya tambayi lafiyar iyayensu, sannan ya ce su ji tsoron Allah su yi karatu. Kunya kamar in nutse. Tun daga ranar ake ce masa Baban Gurup.

Ranar sakamako ina tsakar gida ina wanki, sai ga shi da hantsi, mutumin da ba ya barin shago sai azahar, zare duk a jikin rigarsa. Ya ciro talhon, ya danna. Muryar delege ce tana jero sunayen waɗanda suka ci. Can sai ga nawa. Daga baya na ji sai da ya kunna wa duk telolin layin kafin ya iso gida.

Ya miƙo mini talhon.

"Goge duk abin da kika ga dama," in ji shi. "Wannan wokal ɗin dai ki bar mini."