Hannun Ɗiyar Mai Ɗori

Tukur mai ɗori maƙwabcina ne a Aliero, katanga ɗaya ta raba mu. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka gudu daga firamare, amma shi Allah ya ajiye masa gado. Kakansa ɗorin karaya yake yi, ubansa ma haka. Ni albasa na gada, ita ma rabinta a rumbu take ruɓewa. Kullum ƙofar gidansa cike da motoci daga Maiyama da Jega, ni kuwa iyakata a tambaye ni, "Baba, ina gidan mai ɗori?" In nuna da haɓa.

Yana da ɗiya, Hamdiyya. Tana ƙarama ta faɗo daga amalanke a hanyar Jiga Birni, wuyan hannunta na dama ya karye. Uban ya ɗora da kansa, da kara da tsumma, ya tofa abin da yake tofawa. Hannu ya warke, sai dai ya karkace, yatsun ba sa lanƙwasuwa sosai. A gidansu ba a wannan magana. A zaurena ake yi.

Ga yarinyar da kai, har ta shiga jami'a. Nawa ɗan, Sagir, mai hannu biyu lafiyayyu, yana tasha yana lodin buhu. Sai dai rubutu ya zame mata aiki. Ta san amsa, alƙalami ba ya gudu, kafin ta kai rabi an ce a ajiye. Ta faɗi a zangon farko, aka gargaɗe ta in ta sake za a sallame ta.

Ofishin kula da ɗalibai suka ce irinta ana ƙara musu lokaci a jarrabawa, amma sai ta kawo takardar likita, da hoton ƙashi, da bayanin yadda abin ke hana ta rubutu. Ta miƙa musu hannun. Suka ce sun gani, amma ido ba ya shiga fayil.

To, nan ake yin ta. In likita ya rubuta, cewa zai yi ƙashi ya haɗe a karkace. Wa ya haɗa? Tukur ya ce hannun da ya ɗora ba ya zuwa asibiti.

Na same shi yana fiƙe kara, na ce, "Maƙwabci, ka rubuta musu da kanka mana, ka dangwala yatsa."

Ya ce, "Magaji, tahi ka juya albasarka."

"Na juya. Ta ma fi wani hannu miƙewa."

Bai yi dariya ba. Ashe Hamdiyya na bayan ƙyaure. Ta fito ta durƙusa, ta ce, "Baba, in abin zai taɓa sunanka, a bar shi. Sai in dawo gida, ba komi."

Tukur ya ajiye karan da yake fiƙewa.

Ranar kasuwar Jega ya ɗauke ta zuwa asibiti. Na bi su, na ce ni ma ƙugu ke damuna. Aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ɗaga shi wajen taga, ya ce, "Wa ya yi wannan ɗori?"

Na yi tari.

Tukur ya ce, "Ni ne, kuma ni ne ubanta. Likita, rubuta yadda ka gani, kar ka rage komi."

Kafin la'asar na kai labari wajen mai shayi, na zauna jiran a yi masa dariya. Sai wani mahauci ya ce, "Kai, Tukur namiji ne." Sauran suka ɗauka. Mutum ya karkata hannun ɗiyarsa, an yabe shi. Ya faɗa da bakinsa, an ƙara yabo. Ni da na ɗauko labarin, shayin ma da sanyi aka ba ni.

Takarda ta shiga ofis, aka ƙara wa Hamdiyya lokaci. Ta rubuta har ƙarshe, ta haye, yanzu tana aji na gaba. Tukur ya yanka rago ya aiko min da cinya guda. Na cinye tas, amma ban huce ba.