Yaɗiyar Inna da ɗakin da ya rushe

Ina cikin abra, kwale-kwalen haya na Dubai, jiya da la'asar, muna tsallakawa daga Bur Dubai zuwa Al Ras, sai ga hoto daga ƙanwata Hadiza da ke gida Gwarzo. Bangon ɗakin Innarmu ne zube a ƙasa, ganye kore shar a kan tarin ƙasar.

Yaɗiya ce. Inna ta bar ta tana hawa bangon saboda kwaɗo. Amma duk shekara kafin damina sai ta sa an sare ta daga tushe, a bari ta bushe, a janye a hankali, a yi yaɓe. Da Allah ya yi mata rasuwa, ni na hana a taɓa ta. Damina huɗu ke nan.

Ina sauka na kira Hadiza. Na ce, "Ashe ganyen nan ne zai cuce mu."

Ta ce, "Yaya, magini ya ce ba laifinsa ba ne. Bangon ya daɗe da tsagewa, ganye ya rufe tsagar, ruwa yana shiga ba mai gani. Sau uku ina roƙonka a sare, kana cewa ta Inna ce."

Mutane suna ta ture ni, suna cewa yalla yalla, wato in yi sauri, ni kuwa ina tsaye.

Yaɗiyar za ta sake tohowa, wannan na sani. Ɗakin da aka haife mu fa, khalas, ya tafi ke nan.

Jama'a, ku gaya min, da wace fuska zan koma gidan nan?