Jar Fitilar Malam Falalu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin fata a Challawa, kuma ni Uwani, duk cikin ma'aikatan nan babu wanda ya ƙona min rai kamar Malam Falalu maigadi. Mutum ya zauna a bencinka ya cinye kwano guda bai ce uffan ba, sai kallon sama! In kuwa ya buɗe baki, to zancen teku ne. Mu da ko kogin Challawa sai damina yake cika, ina ruwanmu da teku?

Ɗan Dakata ne, amma tun yana saurayi ya bi jirgin ƙasa mai ɗaukar shanu ya tafi Ikko. Can ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a wata doguwar hasumiya a bakin teku, mai fitila a ƙololuwarta don nuna wa jiragen ruwa hanya. A cewarsa tun zamanin Turawa aka gina ta a kan wani tudun yashi da sai da kwalekwale ake zuwa. Fitilar ta kananzir ce, tana cikin wani gilashi da ya fi mutum tsayi. Gilashin yana juyawa, sai haske ya wulga, ya ɓace, ya sake wulgawa, kuma da irin wulgawar ne matuƙa ke gane tashar da suka iso. Shi ne mai goge gilashi, mai zuba kananzir, mai ɗaure injin juyawar kamar yadda ake ɗaure agogo. Babbar dokar ita ce a kunna daidai faɗuwar rana, ko minti ɗaya ba a ƙarawa.

Da aka kawo fitila mai kunna kanta, sai aka ce masa ya huta. Ya dawo Kano a shekarar saba'in da bakwai, ya tarar iyaye sun rasu, 'yan'uwa sun raba gida. Matarsa kuwa 'yar can ce, ta ce ba za ta biyo shi ba. Haka ya zo Challawa da akwatin ƙarfe ɗaya, aka ba shi gadi da wani ɗan ɗaki kusa da inda ake shanya fatu, wurin da ko ƙuda sai ya daure.

A saman tankin ruwan kamfanin akwai wata jar fitila da aka sa saboda jiragen sama. Ba wanda ya damu da ita, wani lokaci a kunna, wani lokaci a manta. Malam Falalu ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Da ya ga ranar Kano ba ta faɗuwa lokaci ɗaya da ta Ikko, shekara guda ya yi yana rubuta lokacin faɗuwarta a wani ɗan littafi. Kullum sai ya hau tsanin ƙarfen tankin ya goge ƙwan fitilar, ya sauko ya tsaya gaban makunni da agogo a hannu. Leburori na wucewa suna tsokanarsa: "Kyaftin, yau jirgi nawa ya shigo ta Panshekara?" Ko kallonsu ba ya yi.

Wata rana haushi ya ishe ni, na ce, "Malam, don Allah wannan wahala ta mece ce? Wa ya aike ku?"

Ya ajiye cokali. Sannan ya ce, "Uwani, shekara ashirin da biyu, ko mutum ɗaya bai taɓa zuwa ya ce min na ga fitilarka ba. Jirgi in ya wuce lafiya ya wuce ke nan. Ni dai ina so in sani kafin in mutu, ko akwai wanda ya taɓa dubawa."

Sai na ƙara masa wake.

A tamanin da shida kamfani ya tsaya, aka sallami ma'aikata, aka yanke wuta ranar da aka ɗauki azumi. Shi kaɗai aka bari ya tsare ƙarafa. Ni ma na koma soya ƙosai da yamma saboda direbobin manyan motoci. Sai in gan shi a gaban makunnin da agogonsa, lokaci ya yi, ya danna, babu komai. Kwana uku yana haka.

Rana ta huɗu da la'asar sai ga Gwaggo Indo, wata tsohuwa mai kawo min daddawa, wadda ke zaune ita kaɗai a bakin gonaki tsallaken hanya. Kunnenta ya daɗe da mutuwa, don haka maganarta ihu ce. Ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ina mai jar fitilar nan? Wane irin rashin imani ne wannan? Ni ba na jin kiran salla, ga hadari kullum ya rufe rana. Shekara tara da fitilarsa nake shan ruwa, da ita nake sallar magariba. Kwana uku ke nan ina zaune da kunu a gabana har duhu ya yi!"

Na nuna mata shi. Malam Falalu ya miƙe tsaye, ya ce, "Shekara tara, Gwaggo?" Ba ta ji ba, ta ci gaba da zazzaga masa faɗa, shi kuwa hawaye na bin gemunsa yana murmushi. Ban taɓa ganin wanda zagi ya yi wa daɗi haka ba.

A ranar ya samo fitilar ƙwai, ya shafa wa gilashinta jan fenti. Duk da ciwon gwiwa da yake fama da shi, ya hau tanki, ya kunna ta daidai lokaci, ya rataye. Daga nan kullum haka, ko ana yayyafi. Ya fara gaishe ni da fara'a, har yana cewa ƙosaina ya yi gishiri.

Ranar sha tara ga azumi Gwaggo Indo ta rasu. Ni na je aka yi mata wanka da ni, aka kai ta kafin azahar. Na dawo da yamma da niyyar in gaya masa, na tarar yana goge fitila da gefen rigarsa.

Ya ce, "Kin leƙa wajen Gwaggo kuwa? Fitilar nan ƙarama ce, ina tsoron ko ba ta hango ta."

Na buɗe baki, na dubi fuskarsa, na ce, "Tana hangowa, Malam."

Ya ce alhamdu lillahi, ya duba agogo, ya kama tsani. Ina azumi na yi wannan ƙarya, Allah ya yafe min. Shekara biyu ya ƙara yana hawa tankin nan kowace magariba har ya kwanta ciwon ajali, kuma ban taɓa gaya masa ba.